Ludayin Gobe

A Mai Wurno, gidanmu na bakin kogi,
akwai tukunyar da ba a wanke ta tas.
Inna Batula ce ta hana.
Ko an kwashe kullun kisra har gindi
sai ta bar ludayi guda,
ta ce wannan na gobe ne,
wanda ya cinye iri ya cinye baɗi.

Na tambaye ta, tun ban kai bakin randa ba:
Inna, wa ke zuba tsami cikin dare?
Ta ce masu aikin ba sa son ido,
rufe tukunya ki kwanta.

Shekara goma sha biyar bayan nan, a Wad Madani,
cikin farar rigar da ta yi mini yawa,
na ɗiga kullunta a kan gilashi,
na shafa masa rini, na kafa ido a madubi.
Sai ga su.
'Yan sanduna shunayya,
wasu a jere kamar carbin da bai gama tsinkewa ba,
wasu can gefe su kaɗai.
Malam Dafalla ya ce Laktobasilas ke nan, rubuta.
Na rubuta, hannuna yana rawa.
Ai waɗannan mutanen gidanmu ne,
sun riga ni cin dawar Inna.

Aikinsu ɗaya ne tak:
su ci zaƙi, su biya da tsami.
Tsamin kuwa katanga ne,
ruɓa ta zo ta tsaya a waje.
Haka suke yi wa madara idan ta kwana,
ta wayi gari da nauyi, ta kama jikinta.
Matan kasuwar Sinnar su ce rob,
mu ce nono,
ƙwarya dai ba ta taɓa neman tafinta ba.

A hanji ma suna da unguwa.
Sukan cika wuri kamar fasinjojin motar Sinja,
baƙon ciwo ya leƙo
ya rasa inda zai sa ƙafa.

Shekarar da kunnen Siddiƙu ya yi ruwa
aka ba shi ƙwayoyi na kwana bakwai.
Kunne ya bushe, ciki ya ɓalle.
Maganin bai san ɓarawo ba, bai san mai gadi ba,
unguwar duka ya share.
Likita ta ce ruwan gishiri da sukari, kada a fasa.
Ba a fasa ba.
Inna ta biyo baya da ɗan ƙoƙo,
kurɓi biyu, a huta, kurɓi uku.
Ran Laraba yaro ya nemi kisra da miyar kuɓewa.
Ban ce nonon ne ya tashe shi ba,
Malam Dafalla zai ja mini kunne.
Ita ma ba ta ce ba.
Ta dai ce kango yakan koma gida
idan masu shi sun dawo.

Da na gaya mata sunansu, ta ce Lakto wa?
Ta yi dariya har mayafi ya zame.
Wannan suna, in ji ta, ya fi mai shi girma.

Ta rantse irin daga Haɗeja ya taso,
kakarta ta ɗauko shi a gora, a ƙafa, za ta Makka,
kogi ya tsayar da ita.
Na ce Inna, waɗancan sun mutu tuntuni,
kafin la'asar ma sun yi jikoki.
Ta dube ni.
Ta ce to mu fa?

Yau wata takwas da rasuwarta.
Tukunyar tana hannuna, da tsagarta a wuya.
Kisrata ba ta kai tata laushi ba,
gefenta yakan ƙone.
Amma ɗazu, da ludayi ya taɓa gindi,
na ji hannuna ya tsaya da kansa.
Na zuba gari, na zuba ruwa,
na rufe.
Ban leƙa ba.